Abin da Ya Rage a Wuro Bobboi

Duk ƙasar Mubi, daga Gella har bakin iyakar Kamaru, babu wanda ya san inda matattun garuruwa suke kwance kamar Malam Gabdo mai allurar shanu. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma har yau ba a sami wanda ya musa ba, saboda ba a sami wanda yake neman su ba.

Shekara talatin da biyar ya yi yana zaga ƙauyuka da rugage a kan keke, akwatin allura a baya, butar alwala a gaba. Da ya yi ritaya sai ya koma bencin ƙofar gidansa a unguwar Lokuwa cikin Mubi, inda duk wanda ya yi kuskuren zama bayan la'asar zai sha jerin sunaye. Akwai ƙauyen da rijiyarsa ta ƙafe. Akwai wanda sabon titi ya wuce ta gefe, mutane suka ɗauki jinkunansu a ka suka bi titin, suka bar wa ƙadangaru bango. Akwai na kan dutse, waɗanda aka yi ta lallashi su sauko inda ake da famfo, suka sauko, famfon ya lalace a shekara ta biyu. Wani kuma Mubi ce ta haɗiye shi, inda ake ɗaure maruƙa a da yanzu bulo ake bugawa. Wasu a shekarar gudu, 2014, aka fita da niyyar dawowa bayan kwana biyu, aka bar tukunya a kan murhu. Malam Gabdo ya san su duka. Ya san wane ne jauron kowane gari, wato mai unguwa, ya san inda ake shayar da shanu, ya san saniyar da ta taɓa harbinsa a gwiwa. Maƙwabta suna girmama shi ƙwarai. Da sun ga ya gyara zama, sai kowa ya tuna yana da saƙo a kasuwa.

Suna ɗaya ne ba ya cikin jerin, Wuro Bobboi, kuma a nan aka haife shi.

Gida bakwai ne, can bayan Digil, a ƙetaren wani mayo, irin rafin nan da akuya ke tsallakewa da rani, da damina kuwa ko doki ba ya gwadawa. Kakansa Bobboi ne ya fara kafa turke a wurin, shi ya sa garin ya ci sunansa. Akwai tsamiya ɗaya ta gabas. Garin bai yi tsufan da zai mallaki maƙabarta ba. Wanda ya rasu a bayan gida ake sa shi, a rufe tudun da ƙaya saboda kuraye.

Gabdo aka ba wa boko, domin ba shi da hannun kiwo. An taɓa ba shi maruƙa biyu ya tsare, ya dawo da ɗaya da dogon bayani. Ya gama firamare a Mubi, a 1974 aka ɗauke shi aikin dabbobi, aka ba shi wandon kaki da kwas na wata uku. Da ya zo gida hutu sai ya tara manya a gindin tsamiya ya yi musu lacca a kan ciwon saifa. Ya ce dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci, ko an same ta da sauran rai ba a yanka ta, kuma ba a feɗe ta don fata. A haƙa rami mai zurfi, a binne ta, a rufe da ƙaya.

Manya suka saurara da irin ladabin da ake yi wa taɓaɓɓe idan danginsa suna wurin. Mahaifinsa, wanda bai taɓa kiran sunansa ba saboda shi ne babban ɗa namiji, ya kalli gefe ya ce, "Gwamnati ta koya wa wannan yi wa shanu jana'iza." Aka yi dariya. Gabdo ya hau kekensa ya koma Mubi a ranar, bai tsaya cin abinci ba.

Maganar ƙarshe ke nan da ya ji daga bakin mahaifinsa.

A 1976 aka tura shi kwas na biyu a Kaduna, na wata tara. Yana can damina ta sauka, wasiƙar rasuwa ta same shi. Ita ta yi mako biyu a hanya, shi ya yi kwana huɗu. Ya iso an riga an yi sadakar bakwai, baƙi sun watse, yayarsa Dijatu ta koma gidan mijinta a Belel. Mahaifiyarsa tana takaba a ɗaki. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ka zo?"

Ya ce, "Na zo."

Ta tambaye shi hanya, ya tambaye ta ruwan sama. Ita ba za ta ambaci mijinta ba, don mace mai kunya ba ta yin haka ko yana raye. Shi ba zai tambaya ba, don babban ɗa ba ya buɗe cikinsa a gaban uwa. Suka rabu kowa ya tsare mutuncinsa.

Washegari da hantsi ya zaga bayan gida. A gindin tsamiya ya ga sabon tudu, jar ƙasa, an rufe shi da ƙaya da kyau. Ya tsaya a kansa har rana ta take. Ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya nemi gafarar wanda ke ciki a zuci. Bai yi kuka ba, don akwai mutane daga nesa suna kallo.

Da kaka ta yi ya ɗauke mahaifiyarsa zuwa Mubi, inda ake da asibiti. Gidansu ne na farko da aka rufe. Gari mai gida bakwai, idan ɗaya ya tashi, sauran shidan sai su fara lura da nisan ruwa. Baffansa ya bi bayan shekara biyu. Farin 1984 ya kwashe na ƙarshe, suka kora shanunsu suka shiga Kamaru. Gabdo bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma a ransa ya san wanda ya fara zare sanda daga shingen. Shekara talatin da uku aikinsa yana bi da shi ta mararrabar garin, bai taɓa karya kan keke ya shiga ba. Mahaifiyarsa ta rasu a Lokuwa a 1998, bayan shekara ashirin da biyu suna gida ɗaya, suna gaisawa safe da yamma, maganar ba ta taso ba.

Sai a 2010, bayan ritaya, wata Juma'a da safe ya je. Ya sami tsamiyar ta ƙara ƙiba. Sauran wurin duk gyaɗa ce da dawa, ko kasko ɗaya bai gani ba. Wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji ya ɗago daga noma ya jingina da fartanya. Kwaji ne, mutumin tsaunukan Michika, Kirista, wanda jauron yankin ya ba shi wurin shekara ashirin kafin nan.

"Sannu Malam. Saniya ya ɓata ne?"

"Gari ne ya ɓata."

"To, ban gan shi ba. Tun safe ina nan."

Gabdo ya yi masa bayani. Ya nuna masa gindin tsamiya, inda ƙasa ta ɗan tasa kaɗan, ya ce mahaifinsa ne a nan. Kwaji ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Baban mutum ba a noma a kai. A wurinmu ma haka ne," in ji shi. "Dama inuwa ne, gyaɗa ba ya so." Ya je ya ɗauko duwatsu huɗu daga bakin mayo, ya sa ɗaya a kowace kusurwa.

Daga ranar, kowace Juma'a da safe Malam Gabdo yana wurin. Ya cire ciyawa, ya yi addu'a, sannan su zauna da Kwaji a kan saiwar tsamiya. Matar Kwaji, Miriyamu, ta ware masa kofi nasa shi kaɗai, wanda take kawo masa kunun gyaɗa a ciki. Kwaji yana kiransa Dokta, ko da yake Gabdo ya sha gaya masa shi malamin dabbobi ne kawai, amma bai taɓa gaya masa da ƙarfi ba.

"Ku Fulani, Dokta, gari naku kamar laima ne. Rana ya juya, kun naɗe kun tafi."

"Ku fa? Kun hau dutse kun ce gari ne. Akuya ma sai ta yi tunani kafin ta kai muku ziyara."

"Amma dutse namu yana nan. Naka ina?"

A irin wannan lokaci Gabdo sai ya sha kunu.

A tsaye a kan tudun yakan ba mahaifinsa labari a zuci. Ya gaya masa jikoki nawa aka samu, da yadda burtalin shanu ya zama gonaki. Yakan kuma ambata, ba don gori ba, cewa dokar binne shanu yanzu kowa ya yarda da ita. Bai taɓa samun amsa ba, wanda ya yi daidai da halin marigayin. A shekarar gudu Gabdo ya yi wata huɗu a Yola, Kwaji ya yi nasa a Kamaru. Da suka dawo an sace wa Kwaji garma da awaki, amma duwatsun huɗu suna nan, don ba a sami mai bukatarsu ba.

Haka aka yi shekara goma sha huɗu. Sai gwiwoyin Kwaji suka gaji, babban ɗansa Tizhe ya bar aikin da yake yi a Yola ya dawo ya karɓi gona. Tizhe mutum ne mai ladabi, mai shekara arba'in, kuma ya riga ya yi magana da mai tarakta. Shirinsa a sare tsamiyar, a nome gonar daga wannan baki zuwa wancan a miƙe. Ya durƙusa ya gaida Gabdo kafin ya faɗa.

"Baba Dokta, ba raini ba ne. Mai tarakta ya ce shi ba ya kwana-kwana a gona. In kabari ne, a kewaye shi da waya kowa ya sani, ni da kaina zan kafa turaku, tsamiyar ma a bar ta. Amma wa ya ga an binne? Ni duwatsu huɗu na gani, kuma Baba ne ya sa su."

"Kai, rufe baki!" in ji Kwaji. "Mutum bai san baban shi ba?"

"Bar shi," Gabdo ya ce. "Ya yi boko. Na san ciwon." Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Zan kawo shaida kafin ruwa ya sauka."

Shaida ɗaya ce ta rage a duniya. Cikin duk waɗanda aka haifa a Wuro Bobboi, daga shi sai Adda Dijatu, mai shekara saba'in da takwas, tana Belel. Sun sha haɗuwa a biki da suna da ta'aziyya, sun yi hirar komai, daga ciwon ƙafa har zuwa lalacewar yaran zamani, ban da wannan. Ya aika mata. Ta zo a mota da ƙwaryar man shanu, ta kwana biyu tana hutawa, ran Juma'a suka ɗauki keke napep har bakin mayo, suka taka yashi suka haye. Kwaji da Tizhe suna jiransu.

Dijatu ta tsaya a tsakiyar busasshiyar gona tana dogara sanda, ta fara gina garin da baki. Nan ɗakin Dada, mahaifiyarsu. Nan rumbu. Nan Goggo take shanya ƙwarya. Nan ta faɗi ta karya haƙori tana bin ɗan maraƙi. Ta sa gidan Baffa a inda Gabdo ya tabbata turken jaki ne, amma bai gyara mata ba. Shekara arba'in ke nan bai ji wani ya ambaci wuraren nan da baki ba, kuma ya ga Tizhe yana kallon ƙasa kamar mai tsoron taka wani abu.

Sannan ya kai ta gindin tsamiya. Ya tsaya a gefen duwatsun ya ɗaga tafukansa.

"Me kake yi?" ta tambaye shi da Fillanci.

"Addu'a, Adda."

"Wa kake yi wa?"

Bai ambaci suna ba. Ya ce, "Mai gidan."

Ta kalli duwatsun, ta kalli tsamiyar, ta kalle shi. Ta lallaɓa ta zauna a kan saiwa, ta ajiye sandar a cinya.

"Gabdo, ai Ɓaleri ne a nan."

Ɓaleri baƙin bijimin mahaifinsu ne, wanda ba ya yarda kowa ya taɓa masa ƙaho sai shi.

Ta ba shi labarin a hankali, tana kallon ƙasa. "Da safe ya faɗi, baƙin jini a hanci, kamar yadda ka ce. Su Baffa suka kawo wuƙa, ko fatar a samu. Baaba ya hana. Ya ce yaron ya yi karatu, a yi yadda ya ce. Suka ce su ba sa zuwa jana'izar sa, suka tafi abinsu. Shi kaɗai ya haƙa, tun hantsi har la'asar. Ya tura shi ciki da hannu da kafaɗa. Ƙayar ma shi ya saro tun kafin ya fara, duk ta yayyage masa hannu. Kwana uku hannun ya kumbura, ya yi baƙin miki, zazzaɓi ya rufe shi. Aka aiko mini. Muka ɗora shi a jaki za mu asibiti a Mubi. A Digil ya cika."

"A Digil."

"Muna hayewa ruwa ya sauko a bayanmu. Mayo ya cika, kwana uku ba a ƙetarewa. Mutanen Digil suka yi masa sutura, Allah ya saka musu."

"A ina a Digil?"

"A maƙabartarsu mana. Ni mace ce, ban je ba. Baffa ne ya je, shi kuma ka san shekarar da ya rasu."

Gabdo ya sauke hannuwansa, waɗanda ya manta suna sama. "Ba wanda ya gaya mini."

"Ba ka tambaya ba."

"An gan ni a tsaye a nan. Rabin yini."

"An gan ka. Goggo ta ce malamin dabbobi ya zo duba aiki, ya daɗe yana dubawa, bai sami kuskure ba. Dada ta ji daɗi."

Akwai abin da Malam Gabdo ya sani wanda Adda Dijatu ba ta sani ba, kuma bai gaya mata ba. A kwas na farko an koya musu a binne. A kwas na biyu, wanda yake yi a Kaduna a wannan daminar, aka koya musu cewa ba a taɓa mushen da hannu, balle hannu mai rauni. Ya ci jarrabawar da kyau. Takardar shaidar tana rataye a zaurensa a Lokuwa, cikin gilashi.

Kwaji yana jin Fillanci sarai, amma ya ga ya fi dacewa a ranar kada ya ji. Ya ɗaga kai yana duba hadarin da babu. Tizhe, wanda da gaske ba ya ji, ya matso kusa da Gabdo.

"Baba Dokta, me Mama ta ce?"

"Ta ce sa ne a ciki."

Tizhe ya saci kallon mahaifinsa. Can ya ce a hankali, "To, a kira mai tarakta ke nan?"

"Ba za a nome ba."

"Amma Baba, in sa ne..."

"Saifa ce ta kashe shi. Ƙwayarta tana shekara hamsin, tana sittin a cikin ƙasa tana jira. Ka tone, ka tone wa awakinka, ka tone wa kanka. A sa waya, a bar tsamiyar, kada saiwa ta ɗago ƙasa." Da irin muryar da ya yi lacca a gindin wannan tsamiya shekara hamsin da suka wuce ya faɗa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, ko da yake a wannan karon akwai dalilin yin ta.

Kwaji ya cire hularsa, kamar yadda ya saba duk sanda ya zo wurin, ya kalle ta, ya rasa yadda zai yi da ita. "Ba komai, Dokta," ya ce. "Sa ɗin ma ai na baban ka ne."

A hanyar komawa Gabdo ya sa mai keke napep ya tsaya a Digil. Tsohuwar maƙabartar tana bakin hanya, ta cika tun da daɗewa an daina sawa, tuddan sun kwanta sun zama fili ɗaya, tumaki suna kiwo a kai. Wani dattijo mai sayar da rake ya ce ya ji ana cewa baƙi ta yamma ake sa su, ko kuma ta kudu. Gabdo ya tsaya a bakin ya yi wa kowa addu'a gaba ɗaya. Dijatu ta ce amin daga cikin keke, ta ce ƙafarta ba za ta sake sauka ba. Shekara goma sha huɗu yana wuce wurin kowace Juma'a, yana sauri kada rana ta yi.

Ta koma Belel bayan kwana uku. Da za ta shiga mota ta ce masa ya riƙa shan man shanun da zuma saboda tari, ya ce to.

Yanzu Wuro Bobboi ya shiga jerin da ake sha a bencin Lokuwa. Malam Gabdo yakan ce gida bakwai ne, fari ne ya tashe shi, sai ya wuce zuwa suna na gaba. Har yanzu yana zuwa wurin Kwaji wasu Juma'o'in, don kofinsa yana nan, amma ba ya ɗaga hannu. Yana duba wayar shingen ne ko ta saki.

Tizhe ya cika alkawari. Ya kafa turaku na ƙarfe, ya ja waya mai ƙaya layi uku, tarakta tana zuwa tana yin kwana a wurin direban yana gunaguni. Ya so a rubuta sunan garin a allo, amma da mai fenti ya gama rubuta gargaɗin kada a haƙa, wuri ya ƙare. Wurin taku biyar ne da taku huɗu, kuma sa ne a ciki.